Wadda Ta Shiga Ruwan

Ranar da aka kai Kaka makwancinta, kafin maza su dawo daga maƙabarta tsakar gidanmu na Tiga ya cika da mata har bakin rijiya. Duk wadda ta shigo sai ta zube ta ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya." Ta yi addu'a, sannan ta kawo nata yabon. Yabon kuwa kusan iri ɗaya ne, kamar sun haɗa baki tun daga hanya.

"Baiwar Allah, ko muryarta ba ka ji."

"Mace mai haƙuri. Inda ka ajiye ta, nan za ka dawo ka same ta."

Ina gefe a kan tabarma ina amsa amin, amma wallahi raina ɓaci yake yi. Ba ƙarya suke yi ba, Kaka tana da haƙuri. Sai dai wadda suke yabon nan rabin Kaka ce. Wai ko muryarta ba ka ji! Da sun taɓa ganin ta a gaban waya, ana dambe a fim, da sun san tsohuwar nan tana da maƙogwaro.

Da maza suka dawo suka zauna a zaure, muryoyinsu na shigowa ta saman katanga. Can na ji an ɗauko labarin da ba a taɓa yin taro a gidanmu ba a ɗauko shi ba. Wani dattijo yana cewa, "Ai matar jarumi ce. Mijinta ne, Allah Ya jiƙansa, ya faɗa ruwa ya tsamo mutum biyu shekarar da dam ya cika." Na ji Baba ya amsa da muryar nan da yake yi in an ambaci mahaifinsa, mai sanyi da alfahari a ciki. Tun yana yaro da labarin nan ake nuna shi a gari.

To ba kakana ne ya shiga ruwan ba, Kaka ce. A gidan nan mu biyu muka san haka, ni da ita, yanzu kuwa saura ni kaɗai. In na yi shiru, an binne ta sau biyu ke nan. In na yi magana, na ƙwace wa Baba abin da ya fi ƙauna game da ubansa, kuma a makon da ya rasa uwarsa. Da wannan na wuni, da shi na yi kwana uku na zaman makoki.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Sana'arta bandar kifi. Masunta su kawo tarwaɗa da karfasa da safe, ta wanke, ta lanƙwasa, ta jera a kan ragar waya bisa rabin durom, ta zauna tana juyawa har la'asar. Duk kayanta warin hayaƙi suke yi, har carbinta. In na tsokane ta na ce, "Tsohuwa, ke turarenki daban ne," sai ta ce, "Da shi aka yi ubanki ya zama mutum, ƙawata, ki shaƙa da kyau." Ba ta son a yi wa kifi gaggawa. Takan ce wuta kaɗan, hayaƙi da yawa, shi ke nan sirrin. Kuma duk ranar da ta yi banda, kifin farko da ya yi kyau ba na sayarwa ba ne. Takan naɗe shi a takarda ta aika wa wata tsohuwa a bayan layinmu, wadda mijinta ya rasu tun kafin a haife ni. Ba 'yar'uwarmu ba ce, ba kuma wani zumunci suke yi na kirki ba. Na taɓa tambaya, ta ce in kai abin da aka aike ni in bar surutu.

Fim kuwa ni na koya mata shi. Na dawo hutu daga makaranta a Kano da sabuwar waya, ina zaune kusa da ita ina kallo ina zabura. Ta ce, "Ke me ke cizon ki?" Na miƙa mata. Wata 'yar siririyar mace ce maza suka zagaye ta, tana ɗaga su tana bugawa da ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta ajiye kifin da ke hannunta, ta goge yatsu a zani, ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Wannan 'yar waye?"

Na ce ba 'yar kowa ba ce, wasa ne.

"Wasa? To Allah Ya yi wa uwarta albarka. Ƙaro min murya."

Daga ranar na shiga uku. Duk hutu sai na biya wurin masu tura fim na ce a cika min kati da waɗanda mace ce jaruma, kuma masu fassarar Hausa. In na kuskura na zo babu, gaisuwata ma da ƙyar ake amsawa. Mukan jingina wayar a jikin turmi, tana juya kifi tana kallo, bakinta bai yin shiru.

"Taɓa ta ka gani, tsinanne!"

"Yauwa! Ƙara masa ɗaya saboda gobe!"

In bos ya fito, wato babban mugun, sai ta yi tsaki ta ce ga shi nan da tumbi kamar mai awon hatsi. Amma jaruman ma ba ta ƙyale su. Ta ga wata tana gudu da takalmi mai tsini, ta ce masu fim ɗin nan ba su taɓa gudun gaske ba. Ta ga wata ta shiga faɗa da gashi a sake, ta ce, "Ai ta ba abokin faɗa igiya. Mace in za ta yi aiki, kai take fara ɗaurewa." Abu ɗaya ne ba ta yafewa. In mace ta sha wahala tun daga farko, sai a ƙarshe wani namiji ya ɓullo ya yi harbi ɗaya a ɗauke shi a kafaɗa, nan take za ta kau da kai.

"Kashe min. Ta yi noma ta yi girbi, wani ya zo ya ɗaure dami."

Ni dariya nake yi, na ɗauka barkwancin tsofaffi ne kawai.

Faɗanmu ɗaya da ita, kuma ni ce da laifi. Lokacin na cika da karatu a kan 'yancin mata, kaina yana hayaƙi, kowa na gani sai na yi masa wa'azi. Wata la'asar muna cikin kallo ta tafa wa jaruma, sai bakina ya kufce.

Na ce, "Ku ne fa kuka ja mana, Kaka. Kuka zauna aka taka ku kuna cewa haƙuri. Ga ki nan kina tafa wa matan fim, ke kuwa ko ƙofar gida ba ki taɓa tsallakewa don ra'ayin kanki ba."

Ta dube ni. Ba ta yi fushi irin na zagi ba, da ma shi ta yi da ya fi min sauƙi. Ta juya kifinta ta ce, "Haka ne, ƙawata." Kwana uku ba ta kalli komai ba, wai idonta ke ciwo. Ni kuma girman kai ya hana ni buɗe baki in ce ta yafe min. Sai na sayo goro fari na ajiye mata a gefen tabarma. Ta ɗaga shi ta juya ta ce, "Wannan na ban haƙuri ne ko na toshiyar baki?" Na ce duka biyun. Ta ɓantara ta ce in kawo wayar. Har yau in na tuna maganar da na faɗa mata sai in ji kunya ta rufe ni.

A hutun da ya biyo baya ne muka kalli wani da jirgin ruwa ya kife a cikinsa. Jarumar ta yi tsalle ta faɗa kogi, ta nufi wani mutum da ke nutsewa, ta rungume shi ta gaba, suka fito tare ana kiɗa. Ina jiran in ji tafi, sai na ji Kaka ta ce, "Ƙarya ne."

Na ce, "Kaka, ai duk fim ƙarya ne."

"Wannan ƙaryar tana kisa. Ba a zuwa wa mai nutsewa ta gaba. Ba ya cikin hankalinsa, ko uwarsa ce zai danne ta ya hau. Ta baya ake zagaya masa, a shaƙo wuyan rigarsa, a kwanta rigingine a ja shi. In ya juyo zai kama ki, ki nutse ƙasa, da kansa zai sake ki."

Na tsayar da fim ɗin. Na ce, "Ke a ina kika san wannan?"

Ta daɗe tana gyara itacen da bai buƙatar gyara. Sannan ta ba ni labarin, muryarta ƙasa ƙasa, idonta a kan wuta.

Garinsu na asali yana ƙarƙashin ruwan dam yanzu. A bakin kogi yake, mahaifinta masunci ne, kuma ya daɗe bai samu ɗa namiji ba, don haka ita ce ke bin sa cikin kwalekwale tun tana ƙarama. Ta iya iyo kafin ta iya tuƙa tuwo. Da aka yi mata aure cikin gidan manoma, sai wannan ya zama abin da ba a faɗa. Da aka gina dam, aka tashe su aka kawo su tudu, ruwa ya fara cin gonakin da suka bari. Dawar da suka shuka kafin tashi ta nuna, ga zangarniya tana leƙowa a saman ruwa, ana hango ta daga gaɓa. Wane manomi ne zai iya kallon wannan ya haƙura? Sai suka riƙa aron kwalekwale suna komawa yankan dawa a gonakinsu.

"Mutanen da ba su san ruwa ba," in ji Kaka. "Suka yi wa kwalekwale lodi irin na amalanke, suka hau kan kayan suka zauna. Da ya fara tangaɗi, maimakon su kwanta, sai duk suka miƙe tsaye."

Su uku ne a ciki, maƙwabta. Ita tana bakin gaɓa tana wanki da hantsi, Baba yana goye a bayanta, bai fi wata bakwai ba. Ta ga jirgin ya kife. Matan da ke wurin suka ɗora hannu a ka suna salati. Ta ce ba ta san lokacin da ta kwance majanyi ba. Ta kwantar da Baba a kan tulin wanki, ta ɗaure kanta tamau, ta yar da zani, ta shiga daga ita sai ɗan fatari.

Ta jawo na farko ta kai shi inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Ta koma ta jawo na biyu, wanda ya kusa tafiya da ita. Ta koma karo na uku, ba ta ga kowa ba sai zangarniyar dawa tana yawo a kan ruwa. Ta nutsa sau biyu tana lalube cikin karan dawa har ƙirjinta ya kusa fashewa. Ba ta same shi ba.

Kafin ta fito maza sun iso da gudu. Kakana ne a gaba. Shi bai iya ruwa ba, iyakarsa ƙugu, nan ya tsaya ya kama mutanen biyu ya ja su tudu, sannan ya tuɓe rigarsa ya rufe matarsa. Da yamma yayansa, wanda shi ne babba a gidan, ya tara su. Ya ce ba za a ji a gari cewa matar gidansu ta tuɓe a gaban maza ba, ko da ceton rai ne. Tunda an ga ƙaninsa a cikin ruwa yana jan mutane, to shi ya cece su, magana ta ƙare. Matan da suka gani aka ja musu kunne. A hankali har waɗanda suka gani da idonsu suka koma ba da labarin yadda aka tsara shi.

Na ce, "Shi kuma ya yarda? Ya karɓi yabon da ba nasa ba?"

Ta ce, "Kul. Kada ki zagar min miji. Bai taɓa ba da labarin nan da bakinsa ba, ko sau ɗaya. In ana yabonsa sunkuyar da kai yake yi, mutane su ce tawali'u ne, ni kuwa na san kunya ce. Ya fi ni shan wahalar abin. In mu biyu ne a ɗaki, Sarkin Ruwa yake ce min."

"To ke ba ki ji ciwo ba?"

"Na ji mana, ni dutse ce? Amma ko da an ce a yabe ni, da wane baki zan amsa? Na ukun fa? Su matan fim ɗinki kowa suke cetowa. Ni na bar ɗaya a ƙasa, kuma kullum ina ganin matarsa."

Sai a lokacin na gane inda kifin farko yake zuwa. Na kama hannunta mai kaushi na riƙe, ta fizge ta ce kifinta zai ƙone.

Na roƙe ta ta bar ni in faɗa wa Baba. Ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ubanki da labarin nan yake tafiya kansa a sama. In kin karɓe masa, me za ki ba shi?"

Na ce, "Sai in ba shi ke."

Ta yi dariya har da tari. "Tsohuwa mai warin hayaƙi? An cuce shi." Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce in mayar mata da fim ɗinta baya, tana son ta sake ganin ƙaryar nan.

Shekara huɗu muka ƙara tare bayan wannan. Ciwonta na ƙarshe bai yi sati biyu ba. Ina kewarta ƙwarai. Ina kewar tsakinta, da yadda take kiran kowace jaruma "'yar gidana", da yadda take tura min kan tarwaɗa a ɓoye ta ce kada in gaya wa kowa alhali kowa yana gani. Tun da ta rasu ban iya kallon fim ɗin faɗa ba, shirun da ke gefena ya yi yawa.

Ranar sadakar uku wani tsoho ya zo gaisuwa daga wajen garin Ƙofa, idonsa ya tafi, ana riƙe da sandarsa. Na ji ana cewa shi ne ɗaya daga cikin biyun da aka tsamo, ɗayan ya daɗe da rasuwa. Da aka kira la'asar maza suka fita masallaci, shi ƙafarsa ba ta kai shi, aka bar shi a zaure. Na ɗauki buta na kai masa, na durƙusa na gaishe shi, na ce ni jikar mamaciyar ce.

Ya ce, "Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ya ƙarin haƙuri, jikata?"

Na ce da godiya. Sannan na ce, "Baffa, don Allah in tambaye ka. Ranar da jirgi ya kife da ku, wa ya fito da kai?"

Sai ya ce, "Ta faɗa miki ke nan."

Na ce ta faɗa min.

Ya gyaɗa kai. "Ban ga fuska ba, ruwa ya cika min ido. Amma hannun da ya shaƙo wuyan rigata, na ji awarwaro yana gurzar ƙeyata. Namiji ba ya sa awarwaro. Aka ce mu yi shiru, muka yi. 'Ya'yana tara, jikoki ban san iyakarsu ba, duk daga hannun nan suka fito. Shekara da shekaru ina zuwa gidan nan ina gode wa mijinta, ita kuwa in ce mata sannu da aiki kawai." Hawaye suka biyo kuncinsa. "Ban zo gaisuwa don mijinta ba, 'yar nan. Na zo ne in ce na gode, ga shi na makara."

Ban san Baba ya dawo ɗaukar carbinsa ba sai da na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin zaure. Ban san daga ina ya fara ji ba. Ya juya ya tafi masallaci. Na ce shi ke nan, na yi ɓarna.

Bayan an watse, rana ta yi sanyi, ya aiko a kira ni. Na same shi a ɗakin Kaka, zaune a bakin gadonta, shi da bai cika shiga ɗakin ba tana da rai. Na durƙusa daga bakin ƙofa ina jiran faɗa.

Ya ce, "Ina ina ranar?"

Na ce, "Kana bayanta, Baba. Ta kwance ka ta kwantar a kan wanki."

"Ta ajiye ni ta shiga."

"Ta ajiye ka ta shiga. Sau uku."

Sannan ya ce, "Da mahaifina yana ciwon ajali, ya riƙe hannuna ya ce, 'Ka tambayi uwarka labarin jirgi.' Sau biyu ya faɗa. Na ɗauka zafin ciwo ne. Na ce a raina, labarin da na sani tun ina yaro, me mace za ta ƙara min a kai?" Ya dubi bakin ƙofa. "Shekara ashirin tana ɗakin nan bayansa. Kullum da safe sai na tsaya a bakin ƙofar nan na ce, 'Inna, an tashi lafiya? Akwai abin da ake buƙata?' Ta ce babu, in wuce. Ban tambaye ta ba."

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar. Na ce ya yafe min. Ya girgiza kai, ya share fuska da hannun riga, ya nuna min tabarmar da ke gabansa.

"Matso nan. Ki ba ni shi yadda ta ba ki, daga farko. Kada ki rage komai."

Na matsa na zauna, na fara daga garin da ke ƙarƙashin ruwa, da yarinyar da ke bin ubanta cikin kwalekwale. Ɗakin duk warin hayaƙinta. Ina ba da labarin ina jin ba haka ta faɗa ba, tata muryar ta fi tawa, ita ya kamata a ce tana zaune a nan ɗanta yana saurare.

Allah Ya jiƙan ki, Kaka. Yadda kika miƙa hannu kika kamo bayinSa, Shi ma Ya kama hannunki. Ya haɗa ki da na ukun a inuwar rahamarSa, ya gaya miki da bakinsa cewa ba laifinki ba ne.